Neman kalma: me za mu kira "glacier" da Hausa?

'Yan uwa masu fassara, kalmar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Nakan ji an ce "dutsen ƙanƙara", amma raina bai taɓa kwantawa da shi ba. Dutse a kafe yake. Wannan abu kuwa tafiya yake yi.

Ku ɗauki na Rhône, a tsaunukan Alps na Suwizalan. Dusar ƙanƙara ce ke zuba can ƙololuwa shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa har ta dunƙule ta zama ƙanƙara tsantsa. Sai nauyinta ya riƙa turo ta cikin kwari, sannu-sannu yadda ido ba ya ganin motsin, tana gurzar duwatsu, tana jibge tsakuwa a gefe da gefe. Daga bakinta kogin Rhône ke fitowa, ya ratsa Faransa ya faɗa Bahar Rum.

Shi ya sa na fi karkata ga "kogin ƙanƙara". Larabawa ma haka suka ce: nahrun jalidi. Na san wani zai ce za a ɗauka kogi ne da sanyi ya daskarar, to ai wancan "daskararren kogi" ne, ba su haɗu ba.

Inda na fi neman taimakonku shi ne halin da yake ciki yanzu. Wajen 1856 harshensa ya sauko har ƙasan kwarin, dab da ƙauyen Gletsch. Yau ya koma sama da fiye da kilomita 1, ya bar dutse tsirara, tafki ya taru a bakinsa. Tun wajen 1870 aka riƙa haƙa kogo cikin ƙanƙarar don masu yawon buɗe ido. Sai da ta kai ana lulluɓe wurin da fararen barguna don rage narkewa. A 2022 da 2023 kaɗai, kogunan ƙanƙarar Suwizalan sun rasa kusan kashi 10 cikin 100 na girmansu, saboda zafi ya ƙaru, dusa ta ragu.

Idan muka fassara wannan hali da "yana ja da baya", mai karatu zai zaci ya juya ya hau tudu. A'a, har gobe gangarowa yake yi, sai dai abin da ke narkewa a baki ya fi abin da ke isowa daga sama. Ni "janyewa" na zaɓa, kamar yadda ake cewa ruwa ya janye. "Ƙafewa" ma ta zo mini a rai, tunda kogi muka kira shi. Malamai, wacce ta fi zama daidai a kunnenku?