Na bar fada (majalisar shayi ta samari), zuciya ba ta bari ba

Ɗan Birni:
Na bar zaman fada, na kama ɗinki,
Amma da dare zuciya na ja na.
Ɗaya ta ce koma, shayi na kan wuta,
Ɗaya ta ce zauna, tuna da babana.
In na wuce su sai su ce "ga ustazu",
Dariyarsu ke hana ni barcina.

Baƙon Zango:
Ustazu, sannu! Wa ya kore ka?
Mu ne muke sayen sukarinka.
Bashin ganye na nan a wuyanka,
Biya mu tukun, ka je da tubanka.

Ɗan Birni:
Kai da ko gawayi ba ka sayo ba,
Kofin farko bai taɓa wuce ka ba.
Babban birnin ƙasa ya koma Yamai a 1926,
Damagaram ba ta ce an ci amana ba.

'Yar Garin Malam: Allah ya ƙara basira! Jinin Tanimun, Sarkin Damagaram na da, ke nan. Birni gidan sarauta, Zango masaukin fatake, a sauke kaya a wuce.

Malam Mai Alli: Dakata da yabon. Ɗango na uku ya karye. Karanta shekarar nan da baki ka ji, ta kai tsawon hanyar Agadas. Amsa-amon ma ya ɓace.

'Yar Garin Malam: Allah gafarta Malam, kai ma ɗan Zango ne, mun gane.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, abin da ke ja ba shayi ba ne,
Tsoron a manta da sunanka ne.
Su ma dariyar tasu tsoro ne,
In kai ka fita, laifin zama nasu ne.

Baƙon Zango:
Inna, da girmanki, ban da zuga,
Wa ke tsoron mai ɗinkin riga?
Wandon da ya yi min, kowa ya ga,
Ƙafa ɗaya Mirriya, ɗaya ta ƙi shiga.

Ɗan Birni: Kawo shi gobe shago in gyara. Ka zo kai kaɗai.

Malam Mai Alli: Inna ta jera "ne" huɗu, kun yi shiru don tana ba ku ƙosai. Wannan ba ƙafiya ba ce. Kuma har yanzu ba wanda ya gyara min ɗangon 1926.

Inna Mai Ƙosai: Malam, naka baitin fa? Tun azumi muke jira.