Ɗana yana ƙiwa sosai, ko na sangarta shi ne?

Maman Ɗaya: Ɗana watansa 9. Da na miƙe zan fita sai ya tsala ihu, ya ƙanƙame min ƙafa. Ƙanwata ta ce yawan ɗauka ne ya ɓata shi. Abin yana damuna ƙwarai. In rage ɗaukarsa?

Kakar Yara: A'a 'yata, kar ki rage. Ƙiwa takan fara wajen wata 7 zuwa 8, alama ce ya gane ke ce mafakarsa. Amsa kukan jariri ba ya sangarta shi.

Baban Biyu: Likitan nan ɗan Ingila, John Bowlby, ya yi bincike kan wannan shaƙuwa. Yaron da ya tabbata za a dawo masa shi ke sakin jiki ya yi wasa. Sai dai kada ki riƙa sulalewa a ɓoye, ki yi masa sallama.

Maman Ɗaya: Wallahi sulalewa nake yi kullum. Daga gobe zan fara yi masa sallama. Na gode, Mama, hankalina ya kwanta.