Wa ya taɓa ganin abu a sama a Legas, kuma me na kusa da shi suka ce?

Ɗan Agege:
Salam jama'a. Jiya bayan Magariba muna wajen mai shayi sai ga wasu fitilu a jere kamar carbi suna tafiya a sama, ba ƙara ba komai. Mu da ke kusa da filin jirgin Ikeja ai mun san jirgi, wannan ba shi ba ne. Wani dattijo ya ajiye kofi yana a'uziyya wai ayarin aljanu ne, yaron mai shayin kuma ya zaro waya yana ihu wai eliyen, wato halittun wata duniya. Kowa ya ba mu nasa.

Mai gyaran waya, Obalende:
Hhhh malam taurarin ɗan Adam na intanet ɗin Starlink ne, haka suke jeruwa in an harba sababbi. Amma ni abin da na lura a shago, samarin da ke kwana a TikTok su ne 'yan eliyen, tun zaman da majalisar Amurka ta yi a 2023 kan baƙin abubuwan da ake gani a sama suka hana mu sakat. Ko binciken jin ra'ayi na cibiyar Pew na 2021 ya nuna kashi 65 na Amurkawa sun yarda akwai halittu masu hankali a wasu duniyoyi, matasa sun fi yarda, masu riƙon addini sosai sun fi ja baya.

Maman 'yan biyu, Idi-Araba:
Ja baya a can dai. Ni na taɓa tambayar malaminmu na Islamiyya ina jiran faɗa, wallahi ko gezau, ya ce Yaya ki duba Suratu Shura aya ta 29, Allah ya ambaci dabbobin da ya watsa a sammai da ƙasa, kuma Rabbil alamina muke cewa kullum, to me zai gagare shi? Amma ya ce kar in gaskata kowane bidiyo.

Direban tirela:
Ni a hanyar Ibadan na gani da asuba, haske kore ya tsaga sama ya ɓace. Yaron motata Kirista ne, ya kama kiran Yesu, ni ina Innalillahi, babu wanda ya tuna wani eliyen a cikinmu sai da gari ya waye.

Ɗan Agege:
To na je na gaya ma dattijon nan Starlink ne. Ya ce shi wannan Sitalin ɗin ɗan wace ƙabila ce a cikin aljanu?