Tafiyar hutu tsibiri, wa ya taɓa zuwa Maldives?

Ɗan Pantami: Salam jama'a. Mu shida ne 'yan ajinmu daga Gombe muna adashi tun bara, muna son mu je wani ɗan tsibiri shiru inda ba hayaniya, ruwa kawai da yashi. Wani ya ce Maldives wai duk musulmi ne, amma kuɗin fa? Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani.

Maman Hanif: Wslm ƙanina. Kada ku kama otal ɗin da ya cinye tsibiri shi kaɗai, nan ne tsadar take. Ku nemi tsibirin da mutanen gari ke zaune kamar Maafushi, akwai gidajen baƙi da masallaci, abinci halal ne kuma ba a sayar da giya, daga Male, babban birnin ƙasar, kwale-kwale mai inji bai kai awa ɗaya ba. Biza a filin jirgi ake bugawa ta kwana 30, amma ku riƙe katin rigakafin shawara da tikitin dawowa.

Abu Jekadafari: Lokaci ma ku duba. Disamba zuwa Afrilu ne rani, daga Mayu damina ce da iska, teku na tashi sosai. Jirgi kuma daga Abuja za ku bi ta Doha, tikitin ne zai fi cin kuɗin wlh.

Ɗan Pantami: Nagode Hajiya, nagode malam Abu. Biyu a cikinmu ba su iya iyo ba, ko dam ɗin Dadin Kowa tsoro suke ji.

Maman Hanif: Su sa rigar hana nutsewa duk lokacin da za a shiga kwale-kwale, ba wasa a nan.