Wane Tabarau Ya Dace da Mai Su a Kwalekwalen Kayak?

Da masu kamun kifi a ƙaramin kwalekwalen nan na kayak suka tattauna batun tabarau, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a sayi mai tace ƙyalli. Mai kayak zaune yake dab da ruwa, hasken da ke dawowa yana dukan ido kai tsaye. Irin wannan tabarau yana rage shi har ka hango kifi da kututture a ƙarƙashin ruwa. Gwajinsa ba wuya: ka kalli fuskar waya ta cikinsa, ka juya shi a hankali, sau da yawa za ka ga ta yi duhu. A duba kuma akwai alamar UV400, wadda ke nuna yana tare hasken rana mai cutar da ido.

Wajen launi aka ɗan ja. Toka-toka na tsakar rana ne a buɗaɗɗen ruwa, mai launin ruwan ƙasa kuwa ya fi a kogi marar zurfi.

Tabarau na gilashi ya fi tsabtar gani, amma roba ta fi rashin nauyi, ga jure bugun ƙugiya in ta fizgo. Wasu sun yabi tabarau na kamfanonin Costa da Maui Jim. Ni dai na fi karkata ga masu cewa a sayi mai araha, a ɗaura masa igiya mai yawo a kan ruwa, don kayak ba ya sallama kafin ya kife.