A taimaka kafin ƙarfe huɗu: me ake kiran "middle distance" da Hausa?

Hajara: Salamu alaikum malamai. Ina da shirin wasanni ƙarfe biyar a gidan rediyonmu, edita ya ce rubutu ya iso teburinsa ƙarfe huɗu, ga shi har biyu ta gota. Tarihin wata Ba'amurkiya nake yi, Doris Brown Heritage, haihuwar 1942 a jihar Washington, ta zo ta biyar a gudun mita 800 a Olamfik na Meziko 1968, ta ci gasar duniya ta gudun cikin daji sau biyar a jere daga 1967 zuwa 1971, daga baya ta yi shekara da shekaru tana horar da ɗalibai a jami'ar Seattle Pacific, kuma ita ce mace ta farko da aka zaɓa cikin kwamitin gudun daji na hukumar guje-guje ta duniya. Inda na maƙale shi ne middle distance ɗin nan, wato mita 800 da 1500 da mil ɗaya. Na rubuta "gudun matsakaicin nisa", na karanta da ƙarfi sai na ji kamar takardar magani nake karantawa.

Bashir: Gudun matsakaicin zango mana. Gajeren zango su mita 100 da 200, dogon zango su 5000 da 10000, na tsakiya matsakaici. Kunnen mutane ma ya saba da shi tun daga makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango da ake ji a labarai kullum.

Malam Sabo: Bashir wannan ai ɓarnar da 'yan jarida suka yi ce kake so a ɗora. Zango shi ne inda fatake suke sauke kaya bayan tafiyar yini guda, ayari ya tashi daga Kano za shi Gwanja neman goro, ya yada zango, gari ya waye ya ɗaura. Mita 800 fa zagaye biyu ne na fili, minti biyu da 'yan daƙiƙu, jakin fatake ko kunne bai kaɗa ba an gama. Ina zango a nan? 'Yata rubuta "gudun tsaka-tsaki", mai yinsa kuma magujiya, kamar yadda muke cewa marubuciya da maɗinkiya. Na daɗe da wannan kalma a littafina.

Bashir: Allah gafarta Malam, magujiya kuma? Wallahi in aka ce a rediyo "magujiyar nan ta Amurka" tsofaffi za su tambaya gidan wa ta gudu, an biko ta ko ba a biko ba.

Malam Sabo: Dariya ba hujja ba ce. Ƙirar daidai take da nahawu, ku ne ba ku son abin da bai biyo ta bakin Turawa ba.

Isufu: Mu nan Maraɗi a filin wasa da Faransanci ake faɗi, demi-fond, amma in aka ce matsakaicin zango kowa zai gane. Abin da ke ba ni haushi ku mutanen Najeriya in za ku yanke kalma ba ku tambayar kowa, kamar Hausa ta tsaya a Jibiya.

Malam Sabo: Isufu ku fara cire Faransancin bakinku tukuna sannan a zauna.

Isufu: Malam ku da kuke cewa koci da rafali da fenariti?

Hajara: Don Allah lokaci! Tunda an taɓo koci, shi ma yana cikin rubutun. Kullum muna cewa kociyan Super Eagles alhali namiji ne, to ita mace in ce kociyar jami'a ko me?

Malam Sabo: Mai horarwa. Ba namiji ba mace, ba Turanci. Ko wannan ma za ku ce gidan wa ta gudu?

Anti Rabi: Ni ba malamar harshe ba ce, wasannin motsa jiki na koyar a sakandaren 'yan mata har na yi ritaya, kuma na yi 800 ɗin nan ina budurwa. Malam ka yi haƙuri, tsaka-tsaki bai yi ba sam, jin sa ake kamar gudun wanda bai sa ƙarfi ba, ba sauri ba a hankali ba. Alhali babu gudun da ya kai shi azaba. Zagayen farko ki fita kamar 'yar mita 400, in aka kaɗa ƙararrawar zagaye na biyu ƙirji ya ɗau wuta, ƙafa ta zama turmi, yawu ya koma ɗanɗanon ƙarfe, kina jin takun ta bayanki ba halin waiwaye. Hajara ki tabbata kin faɗa wa masu sauraro cewa nisan nan shi kansa aka hana mata. An yi 800 na mata a Olamfik na Amsterdam 1928, Lina Radke ta Jamus ta ci, sai aka ce wai jikin mace ba zai iya ba aka cire shi, bai dawo ba sai a Rum 1960. Shekara 32. Mita 1500 kuwa sai 1972 a Munik aka ba mata, ita Doris ɗin ta samu gurbi ta je, ciwon ƙafa ya same ta gab da tseren ba ta yi ba. In kin faɗi wannan, ko wace kalma kika sa za a gane ba wasan yara ba ne.

Bashir: Anti ta gama magana. Matsakaicin zango ke nan.

Anti Rabi: Ban ce haka ba Bashir, cewa na yi tsaka-tsaki bai yi ba. Zangon ma ni bai cika min kunne ba, sai dai babu wani.

Hajara: Huɗu saura kwata. Ga abin da na tura: "'yar tseren matsakaicin zango, wato mita 800 zuwa 1500", sau ɗaya a farko, daga nan "'yar tsere" kawai. Na ɗauki mai horarwa na Malam. Cross country na bar shi gudun cikin daji duk da ba daji ba ne sosai, fili ne da ciyawa da taɓo da tudu, wanda yake da mafi kyau ya ajiye min.

Isufu: Gudun ratsa karkara.

Malam Sabo: Zango dai ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. A wace mita tashar taku take?

Hajara: An gama, alhamdu lillahi. Malam in ka saurara ka yafe ni, a rubuce mai horarwa ne har wuri uku, ina buɗe baki a na biyun koci ya fito.