Wanda Zai Bar Ƙungiyar Kiɗa, Dole Ne Sai Ya Cika Bukukuwan da Aka Karɓa?

Mai Fiyano: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na yanke shawarar barin ƙungiyarmu ta kiɗan biki. Mu shida ne, kuma babu wanda kiɗa ne sana'arsa ta farko. Ni malamin firamare ne, mai gangarmu tela ne, shugabanmu yana da shagon waya. Tafiyar ta lalace. A sa bita bayan la'asar, sai an idar da magariba mutum biyu su ɓullo. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 liƙi ya koma tiransifa, lambar asusun shugaba ake ɗagawa a filin biki, kuma har yau bai taɓa nuna mana abin da ke shiga ba. Sai dai ya miƙo maka abin da ya ga dama, ya ce sauran ya tafi hayar sifika da man janareta. Yanzu akwai bukukuwa huɗu kafin azumi da aka riga aka karɓi kafin alƙalaminsu. Ni na ce wajibi ne in yi su duka sannan in ɗauke kayana. Wani abokina ya ce wannan wauta ce. Ku raba mu.

Mai Jita: Wa alaikumus salam. Yaya, ina bayan abokinka. Wa ya karɓi kafin alƙalamin, kai ko shugaban? Wanda ya karɓi kuɗi shi ke da alkawari a wuyansa. Duk bikin da ka je ka buga, aljihunsa ka ƙara cika wa, kuma ka nuna masa cewa ko me ya yi za ka zo. Sannan kada ka yaudari kanka da maganar huɗu. Kowa ya san yadda ake rububin aure a Rajab da Sha'aban, kafin ka gama na biyu ya karɓo wasu uku. Bayan sallah kuma a sake sabon lale. Yaushe za ka fita?

Hajiya Mai Shirya Biki: Ɗana mai jita, ka yi maganar shugaba, ka yi maganar mai fiyano, ka manta da masu biki. Ni a tsakiyarsu nake aiki. Akwai wani yinin biki da na shirya, makaɗa suka yi rigima tsakaninsu a daren jajibere, ba wanda ya gaya mana. An kama ɗakin taro na awa huɗu, an biya. Amarya ta zauna a mota a bakin ƙofa da lulluɓinta, ƙawaye sun yi layi da anko suna jiran a saki kiɗa su shigo da ita. Uwar amarya na riƙe da waya tana kiran lambar da ba a ɗagawa, kwalliyarta duk ta jiƙe da gumi. Sai wani yaro muka samu ya haɗa wayarsa da sifika. Matar nan adashi ta yi na shekara guda don wannan rana. Mene ne laifinta a rigimar rabon kuɗinku?

Mai Jita: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban ce tana da laifi ba. Na ce shugaban ne zai nemo wani mai fiyanon. Garin nan cike yake da su, ya leƙa situdiyo-situdiyon titin Gidan Zoo kawai.

Hajiya Mai Shirya Biki: A Sha'aban? Duk mai hannu an riga an kama shi tun wata biyu baya. Wanda zai samu a kwana uku sai ɗan koyo.

Baba Mai Kalangu: Ku saurara yara. A zamaninmu yaron makaɗi ba ya sulalewa. Idan zamansa da maigida ya ƙare, zuwa yake ya durƙusa ya ce yana neman sallama, kuma ba ya yin haka ana tsakar kakar biki. Sai ya raka maigida duk inda aka riga aka karɓi goro, sannan a sa masa albarka ya tafi. Shi ya sa za ka ga mutum ya kafa tasa ƙungiyar amma in sun haɗu da tsohon maigidansa a fili sai ya sauke ganga ya gaishe shi. Amma fa in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada a ce tsoho ya goyi bayan zalunci. Mu in an tashi daga wasa, tabarma ake shimfiɗawa, a juye jakar kuɗin a gaban kowa, a ƙirga da fitila. A fitar da na mota, a fitar da na maigida, sauran a raba har yaron da ke ɗaukar kaya. Ba wanda zai kwana yana zargin wani. Shugaban da ya ɓoye lissafi shi ya fara karya al'adar, ba kai ba ɗana. Duk da haka ka cika bukukuwan. Alkawari kaya ne.

Ɗalibin Lauya: Baba, Allah ya ƙara girma. Ta fuskar doka dai, yarjejeniyar tana tsakanin masu biki da wanda suka ba kuɗi. Ko da a ce Yaya ma'aikacin shugaban ne na sosai, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya sanarwa kawai ya nema: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce haka amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. To balle ƙungiyar sha'awa da ba takarda ba albashi. Ba wanda zai iya tilasta masa.

Malamin Islamiyya: Ƙanena, ba duk abin da kotu ba za ta kama ka a kansa ba ne ya halatta gare ka. Ba zan shiga saɓanin malamai kan kiɗa ba, ba shi aka tambaya ba. Alkawari aka tambaya. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura, a Suratul Isra'i aya ta 34 kuma an ce alkawari abin tambaya ne. Shi ma shugaban yana da nasa, domin hadisi ya zo a Ibnu Majah cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Zaluncinsa a kansa yake, ba ya sauke naka nauyin. Sai dai tambayata gare ka mai fiyano: lokacin da ake karɓar bukukuwan nan, an tuntuɓe ka ka ce to?

Mai Fiyano: Malam, uku da sanina aka karɓa. Biyu daga ciki ma a gabana aka yi ciniki, ɗaya uban angon ya riƙe hannuna ya ce saboda ni ya zo, don ya ji kiɗana a bikin ƙanwarsa. Na huɗun kuwa a bakin mai ganga na ji. A wani gari ne, ranar Alhamis, kuma ina da aji.

Malamin Islamiyya: To ukun nan naka ne, babu makawa. Na huɗun ba ka ɗaura shi ba. In ka je kyautatawa ce, in ba ka je ba ba ka saɓa ba, matuƙar ka faɗa da wuri.

Mai Jita: Ko ukun ma ban gamsu ba, amma na ji hujjar uban ango. Wanda ya riƙe hannunka ba ka ba shi kunya.

Hajiya Mai Shirya Biki: Ni kuma na huɗun ne ban gamsu ba. Su ma ƙungiyar suka gani suka biya, kuma da kai suka gan ta. Ba su san ba a tambaye ka ba.

'Yar Amshi: Ku bari in sa baki, don na taɓa bin wannan hanyar. Na sanar zan tafi, na ce zan ƙarasa abin da ya rage. Wallahi makonnin nan sun fi duk shekarun baya ɗaci. A mota ba mai yi mini magana. A fili sai in ɗaga murya in ji an rage makirfon ɗina. Bikin ƙarshe ko sisi ban gani ba, aka ce ai mai tafiya ba ta da rabo. Ban yi nadamar cikawa ba, don har yau matan da na yi wa bikin suna kirana. Abin da zan ce maka Yaya, kada ka je wa shugaban kai kaɗai, kuma kada ka tsaya a fatar baki. Ka tafi da babba, ka rubuta ranakun ɗaya bayan ɗaya, ka ce daga wannan rana kada a sake karɓar aiki da sunanka. Kasonka na kowane biki a yanke shi tun yanzu, a ba ka kafin a loda kaya a mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane shugaba ya samu abin fakewa, komai ka tambaya sai a ce janareta ya sha. To a faɗi lita nawa, a faɗi kuɗin haya, a gaban shaida.

Ɗalibin Lauya: Wannan ita ce magana. Ko saƙon WhatsApp ne ya isa, in dai ranakun da adadin kuɗin sun fito kuma ya amsa.

Mai Jita: Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba. Duk kiɗan ƙungiyar nan a cikin Yamaha ɗinka yake, kai ka zauna dare da rana ka haɗa shi. Ranar da ka tafi zai ce ka tura masa a filashi. Kada ka ba shi. Guminka ne.

Baba Mai Kalangu: A nan na rabu da kai ɗana. Idan ba zai je na huɗun ba, ya ba wanda zai maye shi kiɗan da za a buƙata a ranar, ya zaunar da shi ya nuna masa inda mawaƙi ke shiga da inda 'yan amshi ke karɓa. Don amaryar zai yi, ba don shugaban ba.

Mai Jita: Baba, abin da ya shiga filashi ba ya dawowa. Da shi za su yi ta cin abinci shekara da shekaru.

Mai Fiyano: Na gode muku duka. Ukun zan yi su in Allah ya yarda, a kan sharaɗin da 'yar'uwa ta faɗa. Na huɗun ba zan bar ɗalibaina ba, gobe zan gaya masa, saura kusan wata guda. Akwai wani yaro da nake koya wa, hannunsa ya fara faɗawa, zan riƙa zama da shi kullum bayan isha'i. Kiɗa biyar da aka fi nema zan sa masa, sauran suna wurina. Baba, ina roƙon ka raka ni wurin shugaban, don yana jin nauyinka.

Hajiya Mai Shirya Biki: To ka karɓi lambar masu bikin na huɗu ka kira su da kanka, su san wanda zai zo musu. In ba su yarda da yaron ba, a mayar musu da kuɗinsu tun suna da lokacin neman wasu.

Baba Mai Kalangu: Ka biyo mini bayan la'asar. Ka zo da takardar a rubuce, kofi biyu, kuma ka kira mai ganga ya zama shaida.